Goron Sallah Ko Kuɗin Kujera?

Yau wata magana ce ta cikin gida zan fito da ita fili, in na yi kuskure a gafarce ni.

Ana saura kwana uku Babbar Sallah, Baba ya kira ni shago, ya nuna mini buhun shinkafa da jarkar man gyaɗa da turmin atamfa, ya ce in ɗora a Keke Napep daga nan Chaza in kai gidan wane, in ce ga goron Sallah. Wanen nan ba ɗan uwanmu ba ne, ba abokin Baba ba ne, ko sunan 'ya'yansa ba mu sani ba. Ma'aikaci ne wanda sa hannunsa ke da tasiri a kan takardun 'yan kasuwa. Na ce, "Baba, in aka canja masa wurin aiki, baɗi gidan wa za mu kai?" Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Gidan wanda aka kawo mana." Da ya ga na yi turus sai ya ƙara da cewa, "Kai yaro ne. Mu baƙi ne a garin nan, baƙo kuwa ba ya zuwa hannu rabbana."

Na kai kayan, don ba na jayayya da mahaifi. Amma amsar nan ta Baba ita ce ta tsaya mini a rai, domin kyautar da ke bin kujera ba mutumin aka ba. Malamanmu sun sha ba mu labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓo zakka ya dawo ya ware wani kaso wai kyauta aka yi masa, Manzon Allah (SAW) ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna ai da an ga ko kyautar za ta zo.

Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne dokar ƙasa ma ta yi magana. Jadawali na biyar na Tsarin Mulkin 1999 ya ƙunshi ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, kuma ciyaman da kansiloli da ma'aikatan ƙaramar hukuma duk suna ciki. An hana ma'aikaci nema ko karɓar wani abu saboda aikin da ya yi ko ya ƙi yi a ofis. In kyautar daga kamfani ta fito, ko daga mai kwangila da gwamnati, ana ɗaukar ta a matsayin karya doka har sai an tabbatar da akasin haka. An hana shi sa kansa a inda buƙatarsa za ta ci karo da aikinsa. An kuma wajabta masa bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata da zarar ya kama aiki, da duk bayan shekara 4, da kuma ranar sauka.

To amma akwai wata 'yar kafa. Dokar ta yarda a karɓi kyautar 'yan uwa da abokai gwargwadon abin da al'ada ta sani. Mu kuwa me al'adarmu ba ta sani ba? Goron Sallah, gudummawar biki, barka da suna, sannu da zuwa daga Hajji, ragon layya, har da tuwon da ɗan kwangila zai girka wa kwamitin da ya zo duba kwalbatin da ya yi. Ranar da mutum ya hau kujera, ranar kowa ke zama amininsa. Ta wannan kafar raƙumi ma wucewa yake yi da kayansa.

Fom ɗin kadarori kuma ana cikewa ne a kai ofis a kulle. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya buga nasa kowa ya gani a 2007, shi ya sa har yau ake ambatonsa, don abin ba a saba ba ne. A Ingila, ƙa'idar da ƙungiyar ƙananan hukumominsu ta fitar a 2020 ta ce kansila ya rubuta duk kyauta ko liyafar da ta kai fam 50 cikin kwana 28, in kuma ana tattauna abin da yake da riba a ciki ya faɗa ya fita daga zauren. Ba wai sun fi mu tsoron Allah ba ne, sun dai gane ido ake tsoro.

A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Mun yi murna, amma kuɗi in sun ƙaru a hannun ciyaman, masu gaisuwa ma ƙaruwa za su yi a ƙofar gidansa. Ra'ayina shi ne kowace daga ƙananan hukumomi 25 na Jihar Neja ta ajiye littafi guda a sakatariya, wanda kowa zai iya buɗawa: wa ya kawo, me ya kawo, wa aka kawo wa, yaushe. Kansilan da ƙaninsa ke neman kwangila ko rumfa shi ma ya rubuta, ya tashi daga zaman. Mai kyautar Allah da Annabi ba zai ji kunyar ganin sunansa ba.

Na san wasu za su ce mu da muka zo cin arziki me ya kai mu? Baba ya zo daga Jibiya tun kafin a haife ni, nan ya yi aure, nan yake biyan haraji, nan muke jefa ƙuri'a, kuma sashe na 41 na Tsarin Mulki ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama inda ya so. Sannan buhun da muke kaiwa ba mu kaɗai yake shafa ba. Akwai wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai kusa da mu, marayu huɗu take riƙo, ba ta da abin kaiwa gidan kowa. Duk ranar da aka zo rabon wuri, mai rabon zai tuna shinkafarmu, ita kuwa ba abin da zai tuna ta da shi.

Na faɗa wa Baba wannan da dare bayan Isha'i. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce in kawo maganar a taron ƙungiyar 'yan kasuwarmu na wata mai zuwa, in kowa ya yarda ya daina shi ma zai daina, amma shi kaɗai ba zai fara ba. Na riga na ba sakatare sunana.