Abincin Baƙon Dare

'Yan'uwana mata, tun da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, gidajen Fagge da Sabon Gari suka san baƙon dare. Tuƙa tuwo a lokacin nan wahala, barin baƙo da yunwa kuwa abin kunya.

To, ga dabarar mutanen Koriya. Ki ɗora shinkafa. Kafin ta nuna, ki daka jan nama a turmi, ki soya da man riɗi, da tafarnuwa, da citta, da barkono. Su ruwan waken soya suke zubawa, ke daddawa da gishiri sun ishe ki. Ƙara sukari cokali guda. Juye bisa shinkafar, barbaɗa lawashi.

Cikin rabin sa'a baƙo ya ƙoshi, maigida ya fita kunya. Wassalam.