Takunkumi Ga Mayaƙan Darfur: Bakin Wa Za A Ɗaure?

Kowa ya san takunkumi. Shi ne abin da mai jaki ya kan saƙa ya ɗaure wa jakinsa a baki in za su ratsa ta gefen gona, don kada ya yi wa mutane ɓarna. Da wannan suna a ke kiran horon da ƙasashe su ke yi wa wanda ya fitini duniya, watau a hana sayar masa da makamai, a riƙe kuɗinsa na banki, a kuma hana shi shiga ƙasashe. Abin da mu ke so mu duba shi ne ko irin wannan horo yana cin mayaƙan da a ke ciyarwa daga waje. Ƙasar Sudan ce ta sa mu ka ɗauki alƙalami.

Sudan ba baƙuwarmu ba ce. Ta nan kakanninmu su ka riƙa bi da ƙafa zuwa Makka, su ratsa Barno da Cadi, su yada zango a Janaina da Fashir da Ubayyid. Da yawa ba su komo ba. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu, mutanenmu ne su ka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903.

Ran 15 ga Afrilu, 1923 ɗin nan ba ita mu ke nufi ba, ta 2023 ce, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan gwamnati a ƙarƙashin Janar Burhan da rundunar RSF ta Muhammad Hamdan Dagalo, wanda a ke ce wa Hamidti. Wannan runduna daga mayaƙan Janjawid a ka haɗa ta a 2013. Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa a Janaina kaɗai an kashe mutum tsakanin 10,000 da 15,000 a cikin 2023, galibinsu Masalit.

To, ba a ce duniya ta zuba ido kurum ba. Tun 2004 Majalisar ta hana kai wa mayaƙan Darfur makamai. A watan Janairu na 2025 kuma Amurka ta ce abin da RSF ta yi kisan ƙare-dangi ne, ta sa wa Hamidti takunkumi, shi da kamfanoni bakwai da ke Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Amma wata tara bayan haka, a Oktoba, mayaƙansa su ka ci Fashir bayan sun kewaye ta fiye da shekara guda. Wanda a ka ɗaure wa baki da gaske ba ya iya wannan aiki.

Dalilin ba zai ɓuya ga akawu ba. Duk wanda ya taɓa bin littafin kuɗi ya san cewa in a ka ga abin da ya fita ya fi abin da a ka rubuta ya shigo, lalle akwai wata ƙofa da ba a rubuta ba. Madugun mayaƙa ba ya ajiye dukiyarsa da sunansa a bankin Amurka. Hamidti ya ƙwace ma'adinin zinariya na Jabal Amir a 2017, zinariyar Sudan kuwa galibinta Dubai a ke kai ta. A farkon 2024 masu binciken nan na Majalisa su ka ce akwai ƙamshin gaskiya a zargin da a ke yi cewa Daular Larabawa tana aiko wa RSF makamai ta filin jirgin saman Amjaras a Cadi. Daular ta musa, kuma wajibi ne mu faɗi haka. Da Sudan ta kai ƙara Kotun Duniya, kotun ta sallami ƙarar a Mayu 2025 don ba ta da hurumin saurare, ba don ta bincika ta wanke kowa ba.

Ku dubi abin da ya faru a Angola, gama nan ne darasin ya ke. Jonas Savimbi da ƙungiyarsa ta UNITA sun daɗe suna cin gajiyar Amurka da Afirka ta Kudu. A 1993 Majalisa ta hana sayar musu da makamai da man fetur, a 1998 ta hana sayen daimon daga hannunsu. Duk da haka yaƙi bai tsaya ba, don mai saye yana nan, mai sayarwa yana nan, ba wanda ya kira sunansu. Sai a Maris 2000 kwamitin jakadan Kanada, Robert Fowler, ya fito da rahoto ya ambaci Shugaba Eyadema na Togo da Shugaba Compaore na Burkina Faso da sunansu, ya kuma nuna sakacin kasuwar daimon ta Antwerp a Beljiyam. Daga nan abokan hulɗa su ka fara ja da baya. Gaskiya ne harsashin soja ne ya kashe Savimbi a Fabrairu 2002, amma ya tarad da shi hanyoyinsa sun tsuke, kuma cikin wata biyu a ka sa hannu a kan tsagaita wuta.

Kada kuma a ɗauka muna kiran a rufe Sudan ko Cadi ruf. Mun ga irin wannan da idonmu a 2023, sa'ad da a ka rufe iyakar Nijar a ka yanke mata wutar lantarki saboda juyin mulki. Mai sayar da hatsi a Jibiya da mara lafiya a Maraɗi su ne su ka ji jiki. Da a ka janye takunkumin a Fabrairu 2024, sojojin suna nan a kan kujerarsu.

Za a ce Daular Larabawa ba Togo ba ce, tana da kuɗi da manyan abokai, ba mai taɓa ta. Mun yarda abin da wuya. Za a kuma ce sojan gwamnati ma hannunsu ba tsarkakakke ba ne, haka ne, Amurka ta sa wa Burhan nasa takunkumin a wannan wata na Janairu 2025, kuma mu ba mu ga laifin a auna su da mudu ɗaya ba. Amma wuyar abu ba ta hana a fara shi. Afirka tana da kujeru uku a Kwamitin Sulhu. Abin da mu ke roƙon Gwamnatin Nijeriya shi ne ta matsa wa masu riƙe da su su nemi a faɗaɗa hana makaman nan daga Darfur ya game Sudan duka, a kuma ba masu bincike izini su buga sunan kowane kamfanin jirgin sama da ya yi dako, da kowace matatar zinariya da ta saya ba tare da takardar asali ba, sa'an nan bankuna su daina ma'amala da su.