Bagadaza ta cikin wasa: ta kai jaka talatin da uku?



Tun da wasan Assassin's Creed Mirage ya fito a watan Oktoba na 2023 samarin unguwa ke ta gardama a kansa. Wasu na cewa wannan kam namu ne, tun da Bagadaza ce ta zamanin Abbasiyawa, har kiran salla ana ji a ciki. Ni dai ra'ayina, ɗalibin madarasa kada ya zuba kuɗinsa a kansa.

Gaskiya kamfanin Ubisoft na Faransa ya yi aiki. Za ka ga birnin nan mai da'ira da Halifa Mansur ya kafa a shekarar 762, da kasuwanni, da Baitul Hikma inda ake fassara littattafai. Ana iya sa muryoyin duka da Larabci, kuma wanda ya yi nahawu zai ji daɗin tsintar kalmomin da ya sani. Akwai ma wani sashe da ke bayanin tarihin garin. Wannan ya burge ni ƙwarai.

To amma me kake yi a cikin garin? Kai ne Basim, ɓarawon titi da wani aljani ke bi cikin mafarki. Aikinka yankan aljihu, hawan soraye, da laɓewa ka soke mutum da wuƙa. Shi ya sa a Turai aka rubuta 18 a jikin kwalinsa. Mu nawa ne a ajinmu muka kai 18?

Tarihin ma an yi masa gyaran fuska. Halifa Mutawakkil, dogaransa Turkawa ne suka kashe shi a Samarra a 861. Wasan kuwa ya mayar da kisan wata fada a Anbar, ya ɗora shi a kan Basim da abokiyarsa. Yaron da bai karanta ba, haka zai hadiye shi, gobe ya zo yana musu da malam.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi damuna. Ranar fitowarsa kusan yuro 50 ake sayar da shi, wato sefa 32,800, jaka talatin da uku ba kaɗan. Mafi ƙarancin albashi a Burkina Faso tun 2023 sefa 45,000 ne. Ke nan wasa ɗaya ya kusa cinye kashi uku cikin huɗu na guminsa na wata, ga wanda ma ke da albashin. Kuma faifan kaɗai ke nan. Sai kana da PlayStation ko Xbox ko kwamfuta mai ƙarfi; a waya kuwa sai irin su iPhone 15 Pro. Ga ɗauke wutar SONABEL in zafi ya kama a watan Afrilu. Labarin kuma gajere ne, mai naci a hutu ɗaya zai kai ƙarshensa, daga nan faifan ya kwanta a ɗaki.

Yayyenmu da suka manyanta, masu na'urar a gida, in sun matsu su nemi na hannu ko su haɗa kuɗi su uku su riƙa karɓa-karɓa. Mu ƙanana da Bagadazar ce ke jan mu, ana samun bidiyon yawo cikin garin a YouTube ba tare da zubar da jini ba, kuɗin data kawai zai ci. Ni can na tsaya na ƙare wa Baitul Hikma kallo.