Na'ura ta san lamba, ba ta san fuska ba

Ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata, a da in za ka aika kuɗi daga Maradi zuwa Damagaram, direban da ka sani kake damƙa wa, shi kuma ya san fuskar mai karɓa. Yau jaka ɗari na tashi daga salula zuwa salula kafin shayi ya huce. Amma tsakaninka da mai karɓa akwai hannuwa da yawa: wakilin da ke bakin kasuwa, na'urar kamfani, rezo, da wakilin can. Babu wanda ya san fuskar wani. Kowane yana tambayar lambar shaida ne, in ta yi daidai sai ya buɗe ƙofa.

Masu ilimin kwamfuta sun daɗe suna fama da wannan. A 1978 wasu masana biyu, Needham da Schroeder, suka fito da tsarin da na'urori biyu za su tabbatar da juna kafin su yi hulɗa. An yarda da shi shekara 17. Sai a 1995 wani masani a Ingila, Gavin Lowe, ya gano ɓaraka: mayaudari na iya zama a tsakiya, ya karɓi amsarka ya kai wa wani, ya ce shi ne kai. Bai fasa kwado ba, dillancin ƙarya kawai ya yi. Gyaran kuwa ƙarami ne: a sa sunan mai amsawa cikin saƙon, don ka san da wa kake magana.

Wannan dillalin shi ne yau ke kiranki, Hajiya, yana cewa daga kamfani yake, ko ya yi kuskuren turo miki kuɗi, ki karanto masa lambar da ta shigo yanzu. Lambar nan makullin shagonki ce. Da kin faɗa, a wurin na'ura shi ne ke, jarin shekara kuma ya tafi.

Ra'ayina shi ne, sakacin ba namu kaɗai ba ne. Da yawa cikinmu ba su karatun boko, shi ya sa ake miƙa wa wakili ko yaron shago salula ya danna lambar sirri. Ya kamata kamfanoni su riƙa aiko gargaɗi da Hausa, har da murya, su kuma hukunta wakilin da ya nemi lambar mutum.

Namu kuma guda uku ne. Lambar sirri ba ta fita daga baki, ko ga wa. In sunan mai karɓa ya fito, a karanta shi kafin a tabbatar. In an ce an turo kuɗi, a duba asusu da kai, kada a saki kaya saboda saƙo kawai. Amana na nan, amma a san wanda ake ba. Allah ya tsare mana dukiyarmu, amin.