Wa Zai Mayar Wa Mai Ciwon Iska Da Fuskarsa?

'Yan'uwa ɗalibai, da wuya wanda ya taso a Nasarawar Burkullu, ko ƙauyukan Anka da Gummi da Bukkuyum, ya ce bai taɓa jin labarin ciwon iska ba, wato wanda likitoci ke kira noma. Yakan fara daga dasashin yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 wanda yunwa ko ƙyanda ta raunana, cikin 'yan kwanaki ya cinye kunci ko leɓe ko hanci. In ba magani, kusan tara cikin goma ba sa kai labari. Wanda ya rayu kuwa sai ɓuya a ɗaka, ba makaranta, ba dandali.

Tun 1999 akwai asibitin wannan ciwo a Sakkwato, kuma daga 2014 likitocin ƙungiyar MSF suka shiga taimaka masa da tiyata kyauta. A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Madalla. Amma ba kowane giɓi likita ke iya cikewa da naman jikin majiyyaci ba. Wani sai an ƙera masa hanci ko kunci na roba.

Tun wajen 1960 da robar silikon ake wannan ƙira, domin tana da taushi kamar fata, tana kuma karɓar launi. Aibinta shi ne gefenta yana yagewa, rana da gumi suna koɗar da ita, galibi ba ta wuce shekara ɗaya ko biyu. Shi ya sa masu bincike ke gauraya ta da lallausan garin silika ko na titaniyam, don ta yi ƙarko ta jure rana. In garin ya yi yawa kuwa sai ta yi tauri, ta ƙi bin motsin fuska.

To, wane gauraye ne zai jure ranar Afrilu mai wuce digiri 40, da ƙurar hunturu, da alwala sau biyar a yini, ya kuma saje da baƙar fata? Kada mu jira Bature ya amsa mana. Ɗaliban kimiyyar sinadarai da na likitan haƙori a jami'o'in Sakkwato da Zariya da Kano, ga aikin binciken shekarar ƙarshe da ya fi wanda ake rubutawa don ƙura ta ci a kanta. Ku kuma yayyenmu na ma'aikatun lafiya, ku ware masa kuɗi, ba tare da kun manta abinci da rigakafin ƙyanda ba, domin su ne ke tare ciwon tun daga tushe.

Allah Ya sa mu yi ilimi mai amfani, amin.