Sharhi: Ba Kowane Ƙulli A Hanta Ne Kansa Ba

Sharhin yau ya duba wani kumburi da kan fito a hanta ya ɗauki kamannin kansar bututun matsarmama, wato hanyar da ruwan ɗaci yake bi daga hanta zuwa hanji, alhali kuwa ba kansa ba ne.

Wannan ƙulli, wanda likitoci suka fara bayyana shi a hanta a shekarar 1953, tarin ƙwayoyin garkuwar jiki ne da nama mai tabo, kuma ba ya yaɗuwa zuwa sauran gaɓoɓi. Idan ya danne bututun, sai shawara ta bayyana, idanu su yi rawaya, fitsari ya yi duhu, jiki ya yi ta ƙaiƙayi, majiyyaci ya rame, alamun da kansa ma take zuwa da su. Hoton eko da na sikana kan nuna cututtukan biyu da siffa ɗaya, awon jini na CA 19-9 da ake neman alamar kansa da shi kuma kan hau idan bututun ya toshe, saboda haka shi kaɗai ba ya yanke hukunci.

A ƙasa irin Nijar, tarin fuka da ƙurjin da amiba mai haddasa atuni take tarawa suna cikin masu rikitar da hoton hanta. Akwai kuma cutar garkuwar jiki ta IgG4, wadda masu bincike a Japan suka fito da alamarta a 2001, wadda sau da yawa maganin kumburi na kotizon yake narkar da ita ba tare da tiyata ba. Abin da yake raba gardama shi ne a ciro ɗan nama da allura a duba shi a madubin likita, domin wanda aka yanke wa sashen hanta a kan kuskure ya shiga haɗarin da bai zama dole ba.

Amma wannan ba hujjar jinkiri ba ce, tunda kansar hanta da cutar hepatitis B take janyowa ta yawaita a yankin Sahel. Wanda shawara ta kama ya garzaya Babban Asibitin Ƙasa na Yamai ko Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa, hukumomi kuma su ƙara yawan ƙwararrun masu awon nama, domin sakamako ya riƙa fitowa a kan lokaci.