Ku Rufe Littafin, Ku Tambayi Kanku

Ya ku ɗalibai, duk shekara idan na tambayi 'yan ajin kimiyya abin da suke so su zama, hannuwa da yawa sukan tashi da amsa ɗaya: likita. Buri ne mai kyau, amma ƙofarsa ƙarama ce. Majalisar da ke kula da aikin likita a Nijeriya takan ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, masu nema kuwa sun ninka guraben sau da yawa. Saboda haka ƙoƙari kaɗai ba ya isa. Dole ne ku san irin karatun da ke zama a kai, da irin wanda ke zubewa kamar ruwa a kwando.

Mu fara da sanin jarrabawar kanta. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ce ke shirya ta, kuma a kwamfuta ake rubutawa. Mai neman karatun likita yana ɗaukar darussa huɗu: Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Tambayoyi 180 ne, 60 na Turanci, 40 ga kowane ɗaya daga sauran ukun, lokacin kuma awa biyu ne. Ku yi lissafin da kanku: daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Bayan wannan akwai tantancewar da jami'a ke yi, kuma ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Lissafi.

Ra'ayina shi ne, yawancin ɗalibanmu suna shan wahalar da ba ta da riba. Sukan buɗe littafi su karanta babi sau uku ko huɗu, su ja layi a ƙarƙashin kusan kowace jimla. A karo na huɗu kalmomin sun zama sanannu ga ido, sai ɗalibi ya ɗauka ya iya. Ganin fuskar mutum a kasuwa daban, tuna sunansa idan an tambaye ka daban. Ranar jarrabawa sunan ake tambaya.

Na taɓa koyar da wata yarinya mai hazaƙa, wadda ke kwana karatu ƙafafunta cikin bokitin ruwan sanyi don kada barci ya ɗauke ta. Wata rana na karɓi littafinta na Bayoloji na rufe, na ce ta zana mini zuciyar ɗan Adam, ta nuna hanyar da jini ke bi. Daren jiya ta karanta babin. Ta zana ɗakuna huɗu daidai, amma ta kasa tuna ko daga dama jini ke tafiya huhu ko daga hagu. Sai ta fashe da kuka. Na ce mata, “Gara ki gano wannan yau a gabana da ki gano shi a gaban kwamfuta.” Ta buɗe littafin ta duba: daga ɓangaren dama jini ke zuwa huhu ya ɗauko iskar oksijin, ya dawo ɓangaren hagu, daga nan a tura shi sauran jiki. Bayan mako biyu na sake tambayarta, ta amsa ba tare da gargada ba.

To, wannan ita ce hanyar da nake so ku bi. Ku karanta kaɗan, ku rufe littafin, ku rubuta abin da kuka tuna a farar takarda, sannan ku buɗe ku gyara. Hanyar ba ta da daɗi, domin tana tona asirin abin da ba ku sani ba, shi ya sa ɗalibai ke guje mata. Amma wahalar da ƙwaƙwalwa ke sha wajen lalubo amsa ita ce ke sa amsar ta zauna.

Sai maganar lokaci. Wani masani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan an koyi abu, kuma maimaitawa a ranaku daban-daban tana rage ta. Ku kanku shaidu ne. Wane ne a cikinku ya koyi Hausa a dare ɗaya? Yau gaisuwa, gobe ƙidaya, jibi a koma kan gaisuwa, har bakinku ya saba. Kemistiri ma haka yake. Abin da kuka karanta yau, ku tambayi kanku shi gobe, da bayan kwana uku, da bayan mako guda. Awa biyu kullum tun daga farkon ajin ƙarshe ta fi kwana goma ba barci ana gab da jarrabawa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasu za su ce, “Malam, ai tsofaffin tambayoyi sun wadatar, mu haddace amsoshinsu kawai.” Ban raina tsofaffin tambayoyi ba, suna da amfani ƙwarai. Haddar amsa ce nake ƙi. Idan aka sauya lamba ɗaya a tambayar Fiziks, mai hadda ya shiga uku. Ku amsa su da agogo a gabanku, kuma ku ajiye ƙaramin littafi na kurakuranku, kuna rubuta dalilin kowane kuskure: rashin sani ne, ko gaggawa, ko rashin fahimtar tambaya? Ku riƙa duba manhajar JAMB kuma, domin ita ke faɗin iyakar abin da za a tambaya.

Ku bar ni in yi ɗan son kai a matsayina na malamin harshe. Ɗaliban kimiyya sukan raina Turanci, su ce ai kullum suna jin sa. Alhali makinsa 100 ne cikin 400, daidai da na Fiziks ɗin da kuke tsoro. Kuma da Turancin za ku karanta sauran tambayoyin. Kalma ɗaya da ba a lura da ita ba, musamman mai kore magana, takan juya amsa gaba ɗaya.

Game da masu sayar da amsa kuwa, maganata gajeriya ce. Karatun likita shekara shida ne, kuma a ƙarshensa akwai majinyaci kwance a gado, wanda ba a saya masa amsa.

Idan jarrabawa ta matso, ku yi rajistar jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa, musamman idan hannunku bai saba da kwamfuta ba. Ku je ku ga cibiyarku kafin ranar, don ku san nisanta da kuɗin mota. A daren ƙarshe ku duba littafin kurakuranku sau ɗaya, ku ajiye takardar shiga inda za ku gan ta da safe, ku kwanta da wuri.